Amsoshin Tambayoyinku: Wane Ne Jim Thorpe?

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: wane ne Jim Thorpe da ake yawan ambata a tarihin ƙwallon Amurka?

To malam, Thorpe ɗan ƙabilar Sac da Fox ne, cikin 'yan asalin Amurka. Ya yi karatu a makarantar Carlisle da ke Pennsylvania, inda a lokacin ake raba yaran ƙabilu da harshensu da al'adunsu. A can mai horarwa Pop Warner ya saka shi a wannan ƙwallo da ake runguma a ruga da ita. A 1911 'yan Carlisle suka doke jami'ar Harvard da ci 18 da 15. A 1912 kuma suka lallasa makarantar sojoji ta West Point, inda Dwight Eisenhower, wanda daga baya ya shugabanci Amurka, yake wasa.

A shekarar ce ya ci lambobin zinare biyu a Olamfik ta Stockholm. Sai aka ƙwace su a 1913, wai ya taɓa karɓar 'yan kuɗi a wasan besbol. Gaskiya an zalunce shi. Ya rasu a 1953, ba a mayar masa da lambobinsa ba sai a 1982.