Darasi Ga 'Yan Kasuwa: Rage Wutar Da Na'urar Haɗa Kwamfutoci Ke Sha

A duk ofishi ko bankin da aka haɗa kwamfutocinsa da waya, akwai akwatin da wayoyin ke taruwa a jikinsa, wanda ake kira suwic. Akwatin kan kwana a kunne, kuma a tsohon tsari yakan sha wuta kusan daidai, ko ana aika saƙo ko ba a aikawa.

Wat 1 da ke kunne dare da rana yana cin yunit 8.76 a shekara. A watan Afrilun 2024, hukumar NERC ta mayar da kuɗin wutar rukunin A Naira 225 kan kowane yunit. Bisa wannan farashi, akwati mai wat 30 zai lashe kimanin Naira 59,000 a shekara.

Domin magance wannan asara ne ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da ƙa'idar 802.3az a shekarar 2010. Ƙa'idar kan sa kowace kafar waya ta yi barci idan babu saƙo, ta kuma farka nan take da zarar saƙo ya taso. Sai dai tilas ne akwatin da kwamfutar su kasance duka suna aiki da ita.

Saboda haka, ya kamata ɗan kasuwa ya nemi wannan lamba kafin ya biya kuɗi. Kada ya sayi mai kafa 48 inda mai 8 ya isa. Sannan ya kashe duk akwatin da ba a buƙata bayan an tashi daga aiki.