Daidaita Iskar Kabon-dayokzaid da Oksijin a Akwatin Kifi Mai Tsirrai

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda iskar kabon-dayokzaid da ta oksijin ke shiga da fita a akwatin gilashi da ake kiwon kifi tare da tsirran ruwa. An kawo asalin wannan ilimi, da adadin da kowace iska ya kamata ta kai, da hanyoyin aunawa. Maƙalar ta nuna cewa rayuwar kifin ta rataya ne a kan yadda aka tsara haske da zafi da motsin saman ruwa.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1779, likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, ya tabbatar da cewa koren ganye yana fitar da oksijin ne idan akwai haske kawai. Daga baya, a 1850, masanin kimiyyar sinadarai Robert Warington ya bayyana gwajin da ya yi a Landan, inda ya ajiye ƙananan kifaye biyu da wata ciyawar ruwa a tulun gilashi, ya ƙara musu dodon koɗi domin cinye ruɓaɓɓen ganye. Kifayen sun rayu ba tare da ana sauya ruwan ba. A ƙarni na 20 kuwa, Takashi Amano na ƙasar Japan (1954–2015) ya yaɗa dabarar sanya wa ruwan kabon-dayokzaid da gangan domin tsirrai su bunƙasa. Amfanin dabarar a bayyane yake, sai dai ganganci a cikinta kan kashe kifin akwati baki ɗaya a dare guda.

2.0 Zagayen Iska Tsakanin Rana da Dare

Idan haske ya sauka a kan ganye, tsiro yakan haɗa kabon-dayokzaid da ruwa ya samar da sukari, sannan ya saki oksijin. Kifi da ƙwayoyin bakteriya kuwa, dare da rana suna shaƙar oksijin suna fitar da kabon-dayokzaid. Su ma tsirran suna numfashi ba dare ba rana, illa dai da rana abin da suke samarwa ya fi abin da suke ci. Da zarar an kashe fitila sai samarwa ta tsaya, ci kuma ya ci gaba. Saboda haka oksijin kan kai matakinsa mafi ƙanƙanta gab da asuba. Masu kiwon karfasa a tafki sun san wannan alama, domin da sassafe ne suke ganin kifi ya taso sama yana haki.

3.0 Adadin da Ake Bukata

Ruwan da ke ajiye a buɗe ba ya riƙe ko miligiram 1 na kabon-dayokzaid a kowace lita daga abin da yake samu a iska. Bugu da ƙari, wannan iska tana ratsa ruwa a hankali, kusan ninki 10,000 ƙasa da yadda take ratsa sarari. Wannan ne ya sa tsirran da aka haska da fitila mai ƙarfi ke rasa abinci, har gansakuka ta rufe su. Masu wannan sana'a sukan nemi miligiram 20 zuwa 30 a lita.

Shi kuwa oksijin, zafi ne ke iyakance shi. A daidai matakin teku, ruwa mai zafin digiri 20 na Salsiyas yana riƙe kimanin miligiram 9.1 a lita. A digiri 25 adadin ya koma 8.3, a digiri 30 kuma 7.6. Yawancin kifaye sukan fara galabaita idan ya sauka ƙasa da miligiram 5. Tun da zafi yana ƙara wa kifi bukatar numfashi, mai akwati a Kano ko Sakkwato ya fi fuskantar haɗari a bazara, musamman idan wutar lantarki ta ɗauke cikin dare, na'urar tace ruwa ta tsaya.

4.0 Alaƙar Iskokin Biyu

Mutane da dama sun ɗauka cewa kabon-dayokzaid yana korar oksijin daga ruwa. Hakan kuskure ne, domin kowace iska tana narkewa a ruwa ba tare da ta tsare wa ɗaya wuri ba. Illar tana faruwa ne a jikin kifi. Idan kabon-dayokzaid ya yi yawa a ruwa, kifi ba ya iya fitar da wanda ke jininsa, jinin ya ƙara tsami, sannan ya kasa ɗaukar oksijin yadda ya kamata. Christian Bohr na ƙasar Denmak da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan ɗabi'a ta jini a 1904. Ke nan kifi na iya shaƙewa a ruwan da yake cike da oksijin.

5.0 Hanyoyin Aunawa

Kabon-dayokzaid yana sa ruwa tsami, wato yana rage ma'aunin pH. Idan an san pH da kuma taurin ruwa na kabonet, wanda ake kira KH, ana iya ƙiyasi kamar haka: a ninka KH sau 3, sannan a ninka da 10 mai ƙarfin (7 – pH). Misali, a ruwa mai KH 4:

a. pH 7.0 yana nufin miligiram 12 a lita.
b. pH 6.6 yana nufin kimanin miligiram 30.
c. pH 6.2 yana nufin kimanin miligiram 76.

Abin lura shi ne, saukar 0.4 kacal ta ninka adadin sau biyu da rabi. Wannan lissafi yana ɓata idan akwai wani abu mai tsami a ruwan, kamar itace ko ƙasar shuka.

Hanya ta biyu ita ce 'yar kwalbar gwaji da ake liƙawa a cikin akwati. Ruwan cikinta yakan zama shuɗi idan iskar ta yi kaɗan, kore idan ta daidaita, rawaya kuma idan ta wuce kima. Launin kan makara da awa 1 zuwa 2, don haka halin kifi ya fi shi saurin bayar da labari.

6.0 Matakan Daidaitawa

i. A kunna fitila awa 6 zuwa 8 a rana, a kan lokaci guda.
ii. A buɗe tukunyar iska awa 1 zuwa 2 kafin fitila, a rufe ta awa 1 kafin a kashe.
iii. A bar saman ruwa yana ɗan kaɗawa kullum, domin ta nan oksijin ke shiga, rarar kabon-dayokzaid ke fita.
iv. A kunna famfon hura iska da dare, musamman ga mai amfani da haɗin yis da sukari, tun da shi ba ya tsayawa, kuma zafi na ƙara masa ƙarfi.
v. A riƙa ƙara iskar kaɗan-kaɗan a ranar da ake gida.
vi. Idan kifi ya taso yana haki, a rufe iskar nan take, a motsa saman ruwa, a sauya kimanin rabinsa.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa bukatar tsiro da ta kifi ba sa karo muddin an kiyaye lokaci da adadi. Ƙarfin haske ke yanke yawan kabon-dayokzaid da za a sanya, zafin ruwa kuma ke yanke yawan kifin da akwati zai ɗauka. Wanda ba shi da tabbacin wutar lantarki, abin da ya fi masa shi ne ya rage haske, ya zaɓi tsirrai masu jinkirin girma irin su Anubias na Afirka ta Yamma, ya kuma taƙaita yawan kifi.