Tsohuwar Bas Ko Sabuwar Jif: Wacce Ta Fi Cin Kuɗi?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai wata gardama da muke yawan yi a ɗakin kwana, musamman bayan ranar ziyara. Wasu su ce wanda ya zo da sabuwar jif ya huta da bakanike, wasu kuma su ce mai tsohuwar Hayis ya fi shi dabara. Ni dai ina so mu duba maganar ta hanyar lissafi, domin kuɗin da mota ke ci daga aljihun da ake biya mana kuɗin makaranta yake fita.

Kuɗin mota ba ya ƙarewa ranar da aka saye ta. Ita tsohuwar bas cinta a fili yake. Yau fulogi, gobe birki, jibi lagireto ya tsiyaye. Amma fa Toyota ta fara ƙera Hayis tun 1967, ta kuma cika hanyoyinmu, saboda haka da wuya ka shiga gari ka rasa bakaniken da ya san cikinta. Kayan gyaranta kuwa, sababbi da na hannu, ga su nan jibge a Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna.

Sabuwar jif cinta a ɓoye yake, shi ya sa yake ruɗin mutane. Da an fitar da ita daga wurin dillali ta zama ta hannu, darajarta ta fara raguwa ke nan, ko tana tafiya ko tana ajiye. Wani zai ce ai wanda ya saya a 2022 ya sayar a 2024 riba ya ci. Wannan riba ce ta ido kawai. Dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayu na 2023, a 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Wato naira ce ta faɗi, ba motar ce ta ƙara daraja ba, kuma kuɗin da ya karɓa ba za su sayo masa irinta sabuwa ba. Haka kayan gyaranta, da dala ake shigo da su. Ga shi kuma injinta kwamfuta ke sarrafa shi, in ya ƙi tashi sai an nemo mai na'urar bincike. Sa'an nan mai bas yana iya tsayawa a ƙaramar inshora, wadda aka mayar naira 15,000 ga motar gida a Janairun 2023. Mai jif kuwa hankalinsa ba zai kwanta ba sai ya yi cikakkiya, ita kuma gwargwadon darajar mota ake yanke ta.

Wajen shan mai, tsohon inji ya fi ɓarna. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ran 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, a 2024 har ta wuce 1,000 a wurare da yawa. To, amma bas tana ɗaukar mutum goma sha wani abu, ko buhunan masara ranar kasuwa, ta mayar da kuɗin manta. Jif ba ta yin haya.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da tsohuwar mota shi ne lalacewa a daji da dare, da kuma tsinkewar birki. Wannan ba a lissafa shi da naira.

Duk da haka, a ganina, ga magidanci mai albashi da 'ya'ya a makaranta, bas ta fi sauƙi. Sharaɗin shi ne ya tafi da amintaccen bakanike ya duba inji da giya da ƙarƙashinta kafin a biya, ya sa sababbin tayoyi da birki tun makon farko, ya kuma riƙa ware kuɗin gyara kowane wata tun kafin ta nema.