KIMIYYA A TSAKAR ƊAKI: YADDA AKE TSABTACE DAƁE DA KULA DA SHI

Gabatarwa

Da wuya a sami wani sashe na gida da yake shan wahala kamar daɓe. Shi ake takawa da takalmi, a kansa ake jan gado da kujera, a kansa miya take zuba, kuma a kansa jariri yake rarrafe yana tsintar abin da ya gani yana kaiwa baki. Duk da haka, sau da yawa akan ɗauka cewa tsintsiya ɗaya da bokitin ruwan sabulu ɗaya sun wadaci kowane irin daɓe. Wannan kuskure ne, domin kowane allazi da nasa amanu. Abin da ya gyara tayil yana iya cinye terazo, ruwan da ya wanke siminti kuma yana iya lalata katako. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibai cewa kafin a zaɓi abin wanki, wajibi ne a san abin da aka yi daɓen da shi. A nan, kalmar daɓe tana nufin duk wani farfajiyar ƙasan ɗaki da ake takawa, na gargajiya ne ko na zamani.

Abubuwa Uku Da Suke Lalata Daɓe

Na farko shi ne yashi da ƙura. A shekarar 1812 wani masanin duwatsu Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10, inda lu'ulu'u yake a mataki na 10. A wannan ma'auni, dutsen kwaz, wanda shi ne mafi yawa a cikin yashi, yana mataki na 7, alhali ma'adinin da ke cikin dutsen mabul yana mataki na 3 kawai. Ƙa'idar kuwa ita ce, mai tauri shi yake kartar mai laushi. Saboda haka duk ƙwayar yashin da ta maƙale a ƙarƙashin takalmi tamkar magagari ce a kan daɓe. Abin yakan tsananta da hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iska take kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi.

Na biyu shi ne ruwa, wanda yake jiƙa ƙasa ta saki, ya kumbura katako, ya kuma haifar da fumfuna a duk inda ya kwanta.

Na uku shi ne sinadarin da bai dace ba. Masana suna auna sinadarai da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Tsabtataccen ruwa yana tsakiya, watau 7. Abin da ya gaza 7 shi ake kira asid, kamar ruwan lemun tsami da ruwan khal da akasarin magungunan wanke masai. Abin da ya haura 7 kuwa dangin kanwa ne, kamar sabulu da ruwan toka da bilic. Da wannan a zuciya, bari mu ɗauki ire-iren daɓe ɗaya bayan ɗaya.

Daɓen Gargajiya

Tun kafin zuwan siminti Hausawa suna da fasahar daɓe. Akan shimfiɗa tsakuwar marmara a yayyafa ruwa, mata su taru suna bugu da madaɓi suna waƙa har ƙasa ta haɗe, sannan a shayar da ita makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, ko kuma ruwan bagaruwa. Akwai kimiyya a cikin wannan aiki. Bugun yana matse ƙwayoyin ƙasa ya toshe kafofin da ke tsakaninsu. Makuba da bagaruwa kuma suna ɗauke da sinadarin tanin, wanda shi ne majema suke dogaro da shi wajen jima. Idan tanin ya gamu da ƙarfen da ke cikin marmara sai daɓen ya yi duhu, ya ƙara jure ruwa.

Irin wannan daɓe ba a kwara masa ruwa. A yi ɗan yayyafi, a share da tsintsiya mai laushi, a cike duk ramin da ya bayyana tun yana ƙarami, a kuma sabunta makuba da zarar fuskarsa ta fara gari. Dalilin wannan ba kyan gani kaɗai ba ne. Ƙasar da ta saki takan ɓoye ƙwayayen tsutsar ciki, wasu tsutsotsin ma ta fatar ƙafa suke shiga jiki. An auna girman wannan matsala a ƙasar Meziko, inda aka fara wani shiri mai suna Piso Firme a shekarar 2000 don maye daɓen ƙasa da na siminti a gidajen talakawa. Binciken da aka wallafa a 2009 ya ƙiyasta cewa idan aka maye daɓen gida gaba ɗaya, kamuwar ƙananan yara da tsutsar ciki takan ragu da kashi 78 cikin ɗari, gudawa da kashi 49, ƙarancin jini kuma da kashi 81. Darasin a nan shi ne, duk daɓen da yaro zai zauna a kai ya kamata ya kasance a haɗe, babu tsaga, babu gari.

Siminti

Simintin da ake gini da shi a yau ya samo sunansa ne daga wanda wani magini Bature, Joseph Aspdin, ya yi wa rajista a Ingila a shekarar 1824. Mutane da yawa suna zaton bushewa ce take sa siminti ƙarfi. Ba haka abin yake ba. Haɗuwa yake yi da ruwa, su rikiɗe su zama sabon sinadari mai tauri. Don haka ne ake buƙatar a riƙa yi wa sabon daɓe ban ruwa na aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kimanin kwana 28 kafin ya sami akasarin ƙarfinsa. Daɓen da aka bari ya bushe da wuri shi ne wanda kullum aka share sai an kwashe gari.

Siminti dangin kanwa ne, saboda haka asid abokin gabarsa ne. Ana wanke shi da ruwa da ɗan garin sabulu, a cuɗa da burushi, a ɗauraye. Yana da ƙananan kafofi da suke shan mai, don haka idan manja ko baƙin mai ya zuba, a yi maza a barbaɗa toka ko garin katako ya tsotse, a kwashe, sannan a wanke.

Terazo Da Mabul

Terazo, wanda ya yawaita a tsofaffin makarantu da asibitoci da masallatai, ɓarɓashin dutsen mabul ne ake kwaɓawa da siminti, bayan ya kama a goge shi da inji har ya yi sumul. Kada a rikita mabul da marmarar da muka ambata a sama, domin ita jar tsakuwa ce, shi kuwa dutse ne da sinadarin kalsiyam kabonet ya fi yawa a cikinsa. Idan asid ya taɓa wannan sinadari sai ya narkar da shi, iskar kabon dayokzaid ta fita. Wurin da aka zuba maganin masai ko lemun tsami zai yi fari fat, a zaci ya fita, alhali fuskar dutsen ce ta zaizaye. Ƙyallin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa sai an sake kawo inji. Ruwa da ɗan sabulu marar kaifi sun isa, a kuma guji soson ƙarfe.

Tayil

Tayil yumɓu ne da aka gasa a zafin da ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas, akasarinsa kuma an lulluɓe fuskarsa da wani siririn gilashi. Shi ya sa ba ya shan ruwa ko mai ta sama. Rauninsa yana cikin layukan da ke tsakani, domin da siminti ake cike su. Wanda ya saba wanke tayil da asid zai wayi gari layukan sun rarake, ruwa ya shiga ƙarƙashi, tayil ya fara ƙara idan an taka, daga baya ya ɓamɓare. A tsabtace layukan da tsohon burushin haƙori da sabulu.

Wata matsala ita ce yawan sabulu. Idan ba a ɗauraye ba, saurarsa takan bushe ta bar danƙo mai kama ƙura, da ya sake jiƙa kuma ya zama santsi. Faɗuwa a kan tayil na iya karya ƙugun tsoho ko ta jefa mai juna biyu cikin haɗari. A yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, a fara daga ƙuryar ɗaki a ƙare a bakin ƙofa, kada kuma a bar kowa ya shiga sai ya bushe.

Leda

Ledar ɗaki ta asali, wadda Frederick Walton ya ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1860, da man wani tsiro da garin ɓawon itace ake yin ta. Wadda ta cika kasuwanninmu a yau kuwa roba ce. Abubuwa uku ne suke kashe ta: zafi, kamar na dutsen guga ko garwashin turare; kaifi, kamar ƙafar gadon ƙarfe; da kuma kananzir ko fetur, waɗanda suke tausasa roba. Wasu sukan ɗiga kananzir a ruwan goge ɗaki don ƙyalli. Wannan ɗabi'a tana lalata leda, tana kawo santsi, ga kuma haɗarin gobara. A goge leda da tsumman da aka matse sosai. Lokaci-lokaci, musamman da damina, a ɗaga ta daɓen ƙasa ya sha iska, domin laimar da ta maƙale a ƙarƙashinta ita ce tushen warin da ake ji a wasu ɗakuna.

Kafet, Darduma Da Tabarma

Waɗannan ba sa nuna datti da wuri, ɓoye shi suke yi. A cikin zaren kafet akwai wasu ƙananan halittu da ba su kai rabin milimita ba, masu cin ɓarɓashin fatar da ke zuba daga jikin mutum. Kashinsu yana cikin abubuwan da suke tayar da ciwon asma. A riƙa fitar da shimfiɗu ana kakkaɓewa nesa da ɗaki ana shanyawa a rana. Idan abu ya zuba, a danna tsumma ya tsotse, kada a cuɗa, domin cuɗa tana tura tabo cikin zare. Jini da ƙwai da madara da ruwan sanyi ake wanke su, saboda zafi yana dafa furotin ɗin da ke cikinsu ya kama zare, kamar yadda ƙwai yake daskarewa a tukunya.

Katako

Katako yakan sha laima daga iska ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Ba a kwara masa ruwa sam. A share, a goge da tsumma mai ɗan danshi, a bi da busasshe. A kuma lura da hanyoyin ƙasa da gara take ginawa a gefen bango.

Hattara Da Haɗa Sinadarai

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci a darasin. Kada a kuskura a haɗa bilic da maganin wanke masai ko ruwan khal ko wani asid. Haɗin yana fitar da iskar kulorin, wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya a shekarar 1915. A cikin rufaffen banɗaki tana iya ƙona huhu. Haka nan haɗa bilic da duk abin da ke ɗauke da amoniya yana fitar da wata iskar mai guba. Wanda ya shaƙa ya fita sarari nan take, idan numfashi ya yi masa wuya a kai shi asibiti.

Bilic yana da nasa wurin, watau inda jini ko amai ko kashi ya taɓa daɓe. A sa safar hannu, a kwashe ƙazantar tukuna, sannan a zuba haɗin da ƙarfinsa ya kai kashi 0.5 cikin ɗari, a bar shi minti 10, a ɗauraye. Lissafin mai sauƙi ne: a raba ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba da ƙarfin da ake so, a cire 1. Idan kwalba ta nuna 3.5, to 3.5 a raba da 0.5 ya ba da 7, a cire 1 saura 6. Ke nan awo 1 na bilic, awo 6 na ruwa. Haɗin yana rasa ƙarfinsa da sauri, don haka sabo ake yi kowace rana.

Haka kuma idan an ga kashin ɓera, kada a share shi a bushe. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa, kuma ƙurar shara tana iya kai cutar cikin hanci. A jiƙa wurin da ruwan bilic kafin a kwashe.

Aikin Gwaji

1. A zuba ruwan lemun tsami a kan ɓawon ƙwai, wanda shi ma kalsiyam kabonet ne. Me aka gani? Me wannan yake nunawa game da terazo?
2. A kwaɓa siminti a yi ƙananan tubala biyu. A riƙa jiƙa ɗaya har kwana 7, a bar ɗayan a rana. A karce su da ƙusa a kwatanta.
3. Awo nawa na ruwa ake buƙata don samun kashi 0.5 daga bilic mai ƙarfin kashi 5?

Kammalawa

Mun ga cewa kowane daɓe yana da abin da yake so da abin da yake ƙi: na ƙasa da na katako ba sa son ruwa, siminti da terazo ba sa son asid, leda ba ta son zafi da kananzir, dukkansu kuma ba sa son yashi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Al'adarmu ta cire takalmi a bakin ƙofa, tare da ɗan buhun goge ƙafa da shara a kan lokaci, ta fi kowane sinadari mai tsada kare daɓe. Muna fatan malamai za su jagoranci ɗalibai su zagaya makaranta su tantance irin daɓen kowane aji, su kuma rubuta wa masu shara yadda ya dace a kula da shi.