Darasi daga ƙarshen tafiyar Ibn Baɗuɗa

Masu karatun yawon buɗe ido a cikinmu sun san matafiyan nan 'yan goyon jaka. Yaro ne zai gama sakandare a Ingila ko Ostireliya, ya cusa komatsansa a jaka ɗaya ya goya, ya shiga duniya wata shida ko shekara guda: Tailan, Biyetnam, Indiya, kwana a masaukin araha, cin abincin bakin titi. A aji an fi koya mana yadda ake tarbarsu da irin kuɗin da suke kashewa. Ranar da aka dawo gida aka sauke jakar kuwa, ba a cika taɓo ta ba, alhali nan ne wuyar take.

A 1960 wani masani mai suna Kalervo Oberg ya yi rubutu kan ruɗewar da baƙo ke shiga a ƙasar da ba tasa ba. A 1963 sai John da Jeanne Gullahorn suka ce ai ruɗewar sau biyu ce, suka kwatanta ta da harafin W. Ramin farko a ƙasar waje ne, na biyu bayan an komo gida. Ta biyun tana kama mutum ba shiri, don wa zai yi zaton zai zama baƙo a gidan ubansa?

Tun kafin waɗannan masana, akwai wanda ya ɗanɗana abin da jikinsa. Ibn Baɗuɗa ya bar garin Tanja na Maroko a 1325 yana ɗan shekara 21, shi kaɗai, da niyyar aikin Hajji. Bai sake taka ƙasarsu ba sai 1349. Tsakanin nan ya ratsa Masar, Iraƙi, gaɓar Afirka ta gabas da ƙasar Turkawa, ya yi alƙalanci a Delhi zamanin Sarki Muhammad bin Tugluƙ, ya kuma yi a tsibiran Maldibs.

To duba abin da ya tarar a hanyar dawowa. A Dimashƙu, a 1348, lokacin babbar annobar nan da ta cinye jama'a, aka gaya masa mahaifinsa ya rasu shekara 15 ke nan, shi bai sani ba. Ya kusa isa Fas sai ga labarin annobar ta ɗauke mahaifiyarsa. Kabarinta ya je ya ziyarta a Tanja. Bai ma iya zama ba. Nan da nan ya haura Andalus, a 1352 ya keto Sahara zuwa daular Mali, a 1353 ya sauka Takadda, wajen Agadas ta yau, inda ya ba da labarin ana kai jan ƙarfe ƙasar Kubar, wadda masana da yawa ke cewa Gobir ce. Wannan ƙaiƙayin ƙafa 'yan goyon jaka na yau ma suna fama da shi. Sati biyu da dawowa, mutum ya fara duba kuɗin tikiti.

Sai matsalar masu sauraro. Ibn Khaldun ya faɗa a Muƙaddima cewa da Ibn Baɗuɗa yake ba da labarin kyautar Sarkin Indiya a fadar Fas, mutane sun riƙa raɗa wai ƙarya yake zubawa. Kai ma da ka je SIWES a Legas na 'yan watanni ka san yadda ake yi: tambaya ɗaya, “Yaya hanya?”, kafin ka buɗe baki an koma hirar ƙwallo.

Inda ni na fi so mu tsaya shi ne batun rubutu. Da ya komo Fas a farkon 1354, Sarki Abu Inan ya sa wani marubuci ɗan Andalus, Ibn Juzayy, ya zauna da shi, shi yana faɗa wancan yana rubutawa. A 1355 aka kammala shiftar littafin da muka sani da Rihla. Lissafa ka gani: abin da ya faru shekara 30 baya ake tonowa daga ka. Ba wai bai taɓa rubuta komai ba. Shi da kansa ya ce ya kwafi rubutun da ke kan kaburburan malaman Bukhara, amma 'yan fashin teku suka kwashe masa komai a gaɓar Indiya. Sakamakon yana nan a cikin littafin. Shekarun wasu tafiye-tafiyen sun sarƙe, ba su haɗuwa. Bayanin Dimashƙu da Makka da Madina an ɗebo da yawa daga littafin Ibn Jubair, wanda ya riga shi zuwa da fiye da shekara ɗari. Zuwansa Bulgar da birnin Bejin kuwa har gobe masana na shakkarsa. A ganina ba maƙaryaci ba ne, mantuwa ce da son cike giɓi, amma sun ja masa zargi.

Saboda haka in tafiya ta kama ka, ko hidimar ƙasa ce ko ziyarar karatu, ka ajiye ɗan littafi daban da wanda malami zai sa wa hannu. Kowane dare rubuta kwanan wata, sunan gari, wanda ka haɗu da shi, nawa ka biya mota, da abu ɗaya da ya ba ka haushi ko mamaki. Hoton waya ba ya riƙe waɗannan, kuma waya ana sacewa. Ka riƙa ɗaukar hoton shafukan kana tura wa kanka ta imel. Kada kuma ka rufe littafin ranar da ka iso gida, ci gaba da shi ko da na wata ɗaya ne, don ramin W na biyu a wannan watan yake.

Shi dai Ibn Baɗuɗa, bayan kusan kilomita 117,000, ya ƙare yana alƙalanci a wani gari na Maroko, ya rasu a 1368 ko 1369.