Injin gashin ciwon daji: bam ne ko magani?

TAMBAYA: Likita ya ce za a yi wa gwaggona gashi saboda ciwon daji na mama. Wani maƙwabcinmu ya tayar mana da hankali, wai injin irin na masu haɗa makamin nukiliya ne. Don Allah ina gaskiyar maganar?
Daga wani mai karatu, Mararaban Rido, Jihar Kaduna

AMSA: Allah ya ba gwaggo lafiya. Ka kwantar da hankalinka, injin nan ba makami ba ne. Dangin na'urorin da masana ke ingiza ƙananan ƙwayoyin zarra da su ne, har gudunsu ya kusa na haske. Na asibiti, wanda likitoci ke kira linak, yakan harba ƙwayoyin lantarki su daki wani ƙarfe, sai haske mai ratsa jiki ya fito, a saita shi daidai kan ƙarin. Gwaggo za ta kwanta na 'yan mintuna, ba za ta ji zafi a lokacin ba, ko da yake daga baya fatar wurin takan yi duhu, jiki kuma ya yi kasala. Hasken ba ya zama a jiki, don haka tana komawa gida za ta iya rungumar jikokinta.

Tun asali wannan fasaha tare ta taso da aikin likita. Ernest Lawrence ya ƙera na'urarsa mai kewayawa, wato saikulotoron, a Bakili ta Amurka a farkon shekarun 1930, ƙanensa John, wanda likita ne, ya riƙa jinyar masu dajin jini da sinadarin da aka samar a irinta. A 1954 aka fara gashi da ƙwayoyin furoton a can. Fa'idarsu ita ce sukan sauke yawancin ƙarfinsu a zurfin da aka auna, naman da ke bayan ƙarin ya tsira.

Akwai kuma manyan na'urori irin ta Giranobul a Faransa, inda ake haska sinadaran jikin ƙwayoyin cuta a ga siffarsu dalla-dalla, don a haɗa maganin da zai kama su. Da irin wannan haske aka gano siffar ribozom, gurbin da magungunan kashe bakteriya da dama ke kamawa, aikin da ya ci kyautar Nobel a 2009. Har yau Afirka ba ta da irin wannan babbar na'ura, sai dai cibiyar iThemba ta Afirka ta Kudu ta fara gashi da furoton a 1993, amma daga baya ta daina.

A gida, Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana da ƙaramar na'urar bincike. Abin da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004 tukunyar nukiliya ce ta bincike, aikinta daban.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne nisa. Sinadarin da ake ɗaukar hoton PET da shi, mai nuna inda daji ya bazu, rabin ƙarfinsa kan tafi cikin minti 110. Don haka dole a samar da shi a irin waɗannan na'urori kusa da majiyyaci. Muddin Arewa ba ta da isassun injina da ƙwararrun da za su kula da su, talaka ne zai ci gaba da shan wahalar hanya da dogon layi.

Kada jita-jita ta sa ku jinkirta. Ku koma wurin likitanta, ku tambayi ranar farawa da yawan zuwan da za ta yi, kuma idan an fara a daure a kammala.