Shin Sufaye da Yahudawa Sun Taɓa Cuɗanya?

Mai sauraronmu ya tambaya ko akwai alaƙa tsakanin sufancin Musulunci da na Yahudawa. Malam, akwai, kuma hujjar tana rubuce. Wajajen shekarar 1080, a Andalus, malamin Yahudawa Bahya ibn Fakuda ya wallafa Al-Hidaya ila Fara'idil Ƙulub da Larabci, cike da batun zuhudu, tawakkali da muhasaba irin na Sufaye. A Masar kuwa, Ibrahim ɗan Musa bin Maimun, shugaban Yahudawan ƙasar da ya rasu a 1237, ya kwaɗaitar da jama'arsa yin halwa, wanke ƙafafu kafin ibada, sujada da tsayuwa sahu-sahu. Da 'yan uwansa suka zarge shi da kwaikwayon Musulmi, sai ya ce ai al'adun annabawan Bani Isra'ila ne da Sufaye suka riƙe bayan Yahudawa sun sake su.

Wani zai ce ashe ke nan Kabala ma, wato sanannen sufancin Yahudawa, daga Sufaye ta fito. A nan sai a yi hattara. Zohar, babban littafin Kabala, ya bayyana ne a Sifen ta Kiristoci a ƙarshen ƙarni na 13, da harshen Aramiyanci, kuma saiwarsa na cikin tsofaffin littattafan Yahudawa. Inda aron ya tabbata shi ne wurin Yahudawan da suka yi rubutu da Larabci.